Ya Ce Gurfa, Muka Kai Shi Ɗaki

Me ya hau da shi motar nan? Mutumin da ya tsufa yana yi wa Turawa faɗa cewa wanda ya nutse da safe ba ya hawa jirgin sama da yamma, me ya sa shi da kansa ya fito daga ƙarƙashin ruwa, gashinsa bai gama bushewa ba, ya ce mini yalla mu hau dutsen Ɗa'if? Na tambaye shi yana da rai, ban samu amsar da ta zauna ba. Yanzu kuma ba wanda zan tambaya.

Sunana Hajara. Ban yi makaranta ba. Ina faɗa ne, maƙwabciyata Malama Safiya tana rubutawa, na kuma ce mata kada ta gyara mini magana, in na yi kuka ta ajiye biro ta jira ni. Ina so a rubuta ne saboda matan da mazansu ko 'ya'yansu ke aikin ruwa a nan Jidda. Abin da ban sani ba lokacin da sanin zai yi amfani, ku ku san shi.

Maigidana sunansa Adamu. Ban taɓa kiransa da shi ba sai yau, don a rubuta. A unguwar Karantina aka haife shi, iyayensa sun zo hajji a ƙafa suka zauna. Ni kuwa daga baya na zo da gwaggona. Unguwa duka Gawwas ake ce masa, wato mai nutso. Ya fara da kankare gindin jiragen ruwa a tasha, daga baya ya samu aiki a wani gidan shaƙatawa da ke bakin bahar a Abhur. A gaban gidan akwai duwatsun murjani a cikin ruwa, su suna ce musu sha'ab, daga kan gadar katako kawai ake faɗawa a same su. Baƙin da ke wasa a sama-sama kowa na iya raka su. Amma waɗanda suka ƙware, masu son gangarawa inda dutsen ya yanke ya faɗa kamar rijiya, sai shi. Yakan ce mini a can ƙasa ko yankewa ka yi, jininka kore kake ganinsa. Na ce masa ƙarya ba ta yi wa mai furfura kyau.

Ranar Alhamis ce. Ɗan Yaya Haruna, wan maigidana, zai yi aure a Ɗa'if ranar Juma'a. Daga baya na ji cewa ran nan ya kai baƙi can ƙasa da safe, ya sake kai wasu, sannan wani ya saki kyamararsa ta gangara ta maƙale a wani lungu mai zurfi. Maimakon ya ce wa mai ita Allah ya mayar da alheri, sai ya koma shi kaɗai ya ɗauko, ya kuma taso da sauri saboda mota na jiranmu. Kyamara! Mai ita ko gaisuwa bai zo ba.

Muna tsakiyar hawan nan mai lanƙwasa, inda birai ke zama a bakin hanya, na ga yana murza kafaɗa.

"Lafiya?"

"Tulun iska ne, na ɗauka da yawa yau."

Can kuma ya fara susar ciki ta cikin riga. Na ce, "Don Allah ka bari, za mu shiga cikin surukai kana susa kamar mai ƙazwa." Ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ido ba.

Da muka isa aka raba mu, maza majalisi, wato ɗakin baƙi, mata cikin gida. Ina cikin yankan albasa facalata ta zo ta ce in zo, an tashi sallar magariba maigidana ya kasa miƙewa. Na same shi kwance a wani ɗaki, cikinsa ya yi rodi-rodi ja da shuɗi, harshensa ya yi nauyi kamar ya cika baki da tuwo. Yaya Haruna na tsaye a kansa.

"Yana ta cewa gurfa, gurfa," in ji Yaya, "shi ne muka ɗauko shi daga majalisi muka kawo shi gurfa."

Wanda bai san Larabcin nan ba, gurfa ɗaki ce. Kowane ɗaki gurfa ne.

Ya kama hannuna. "Hajjo. Gurfa."

"Ai kana ciki."

"Ba wannan ba."

Yaya ya ce, "Ba ya son wannan, ta yi masa sanyi. Ku kai shi ta ƙurya." Samari suka ɗauke shi. A can ma ya ce ba wannan ba. Suka mayar da shi ɗakin Yaya da kansa, mai gado mai kyau. Wallahi haka aka yi ta yawo da mijina ɗaki-ɗaki kamar sabuwar kujera, yana hawaye don takaici, mu muna cewa ciwo ne.

Da ya ga ba mu gane ba, ya tattara ƙarfinsa ya ce, "Ku saukar da ni. Ku mayar da ni ƙarƙashin ruwa."

Yaya ya dafe kai. "Kun ji ko? Mutanen ruwa ne. Tun yana yaro nake cewa aikin nan ba aiki ba ne, kullum kana shiga gidan mutane ba sallama. Yanzu ga shi suna kiransa da bakinsa. Ba inda za shi. Allah ne ya kawo shi kan dutse, nan ya fi nisa da su."

Na ce, "Yaya, a kai shi asibiti."

"Ke 'yar tudu ce, me kika sani game da bahar? Likita yana yi wa aljani allura?"

Gaskiyarsa a gefe ɗaya, ban san komai ba, kuma a nan ne haushin maigidana ke kama ni har yau. Ba kifin da bai ba ni labarinsa ba. Na san wanda ke kwana a cikin majinarsa, na san kunkurun da ke da tabo a baya, na san inda kifin nan mai kumburi ke ɓuya. Amma bai taɓa zaunar da ni ya ce, Hajjo, ranar da kika ga ina susa, ko ƙafata ta mutu, akwai wani ɗaki na ƙarfe a asibiti, can za ki ce a kai ni ba. Da ya faɗa mini sau ɗaya, da na tsaya a tsakiyar gidan bikin nan na yi ta ihu har sai an ba ni mota.

To, aka shiga magani. Aka tafasa ruwa aka gasa shi. Aka murje shi da man zaitun da habbatus sauda har fatarsa ta yi ja. Da safe aka kawo mai ƙaho ya tsaga bayansa. Malami ya zo ya yi karatu, aka turnuƙe ɗakin da hayaƙi, mutumin da numfashi ke yi wa wuya. Kowace tsohuwa da ta zo biki sai ta leƙo ta bar nata maganin. Aka ɗaura aure, aka ci shinkafa da rago, ina jin guɗa ta bango, ni ina tsinkular yatsun ƙafarsa ina tambaya ko ya ji. Ranar Alhamis yana ji kaɗan, kamar tururuwa na tafiya. Ranar Juma'a ya ce, "Wace ƙafar kika taɓa?"

Fitsari ne ya fitar da mu daga gidan. Ya tsaya cak, mararsa ta kumbura ta yi tauri, ya fara nishi irin wanda ba a iya rufe shi da ƙofa. Sai ranar Asabar, da baƙi suka watse, Yaya ya yarda. A asibiti aka ce sai an ga iƙama, takardar izinin zama. Iƙamarsa tana ofishin kafilinsa, ubangidan aikinsa, a Jidda ana sabunta ta, sai hotonta a aljihu. Muka zauna a benci, wannan taga ta tura mu waccan, har wani ma'aikaci Basudane, Allah ya saka masa, ya dubi cikin ya ce a shigar da shi tukuna, takarda ta biyo baya. Aka sa masa roba, fitsari ya fita, ya yi barci.

Likita ya tambayi Yaya abin da ya faru. Ni ina bayan labule. Yaya ya ce, "Ya tashi salla ya faɗi." Shi ke nan. Bai ambaci ruwa ba, don a wurinsa maganar ruwa maganar aljanu ce, ba a yi wa likita ita. Likita ya ce jalɗa ce, wato shanyewar jiki, ya sa ƙarin ruwa. Ban ga laifinsa ba. Wa zai yi tunanin ciwon bahar a garin da ake noman inabi?

Wanda ya cece mu daga nan Kaftin Sami ne, Bamisiren da ke shugabantar masu nutso a wurin aikinsa. Lokacin wayar hannu ba ta zo hannun irinmu ba. Da ya ga maigidana bai zo aiki ba, ya shiga Karantina yana tambaya lungu-lungu, aka ce masa Ɗa'if, bai ko sha ruwa ba ya kamo hanya. Na ji muryarsa tun daga barandar asibitin.

"Ɗa'if? Bayan nutso uku? Wa ya kawo shi nan?"

Yaya ya ce, "Ƙafarsa ce ta kawo shi, bikin ɗana."

"Bai ce muku komai ba?"

"Yana ta cewa gurfa. Mun ba shi gurfa har uku."

Kaftin ya tsaya yana kallonsa. Sai ya zauna a ƙasa, babban mutum da shi, ya rufe fuska da hannu.

Ran nan aka gangaro da shi Jidda a motar asibiti. A can na ga gurfar da yake nufi. Kamar tankin motar ruwa ce a kwance, ta ƙarfe, da ƙofa zagayayya da 'yar taga wadda ba ta fi farantin shayi ba. Ana sa mutum ciki a rufe, a matsa masa iska har jikinsa ya ɗauka yana can ƙasan bahar, sannan a taso da shi sannu sannu. Abin da ya roƙa ke nan da ya ce a mayar da shi ƙarƙashin ruwa.

Likitan wurin bai yi mini dogon Turanci ba. Ya ɗauko kwalbar lemo ya girgiza, ya nuna mini. "Kin ga kumfa?" Na ce a'a. Ya buɗe, ta yi tsiri ta jiƙa teburin. Ya ce iskar da mai nutso ke shaƙa a can ƙasa tana narkewa a jininsa, tana buƙatar lokaci kafin ta fita. In ya taso da sauri, an sassauta murfi. In ya hau sama, an cire murfin gaba ɗaya. Na ce ai ba jirgi muka hau ba, mota ce. Ya ce jini bai san mota ba, tsawo ya sani. Ya ce kumfar ta shiga lakar bayansa. Da ya ji an gasa shi da ruwan zafi an murje shi, sai ya ajiye biro. Kalma ɗaya ya yi ta maimaitawa, ita ce ke tashina daga barci har yanzu: "Lesh atakhkhartu?" Me ya sa kuka makara?

Makon farko kullum sai an sa shi a gurfar. Ina leƙensa ta tagar, yana kwance da abin shaƙa a fuska, yana ɗaga mini yatsu alamar lafiya irin tasu ta cikin ruwa. Harshensa ya saki. Hannuwansa suka dawo. Abin da ya fara faɗa da bakinsa ya washe shi ne, "Ashe ke ma kurma ce?" Na ce, "Ashe kai ma bebe ne, shekara da shekaru?" Muka yi dariya, muka yi kuka. A mako na biyu babban yatsan ƙafarsa ta dama ya motsa, na fita na raba alawa. A mako na uku bai ƙara komai ba. Likita ya kira ni ya ce abin da gurfa za ta mayar ta mayar, sauran sai ikon Allah. Halas. Aka ba mu keken guragu.

Duk wanda ya san Karantina ya san keke ba ya shiga lungunmu. Ɗaukarsa ake yi a bargo. Daga nan jinya ta zama tawa. Juya shi, wanke shi, sauya robar fitsari, tafasa zannuwa, ga ruwan sai an saya a mota, ga zafin Jidda da ke narka mutum. Ranar asibiti mu fita da sassafe neman mai tasi da zai yarda ya ɗauki keke, mu je mu tarar da layi har waje, a ce likitan ƙashi ba ya nan sai wani mako, a ce roba ta ƙare ku saya a kanti. Kafilinsa ya yi ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinsa ba, shi ya tsaya a kan kuɗin gurfa, ya ci gaba da aiko albashi na wani lokaci. Daga baya sai gaisuwa, daga baya gaisuwar ma ta tsaya. Na daina fita sayar da gyaɗa da turare. Warwarona suka tafi ɗaya bayan ɗaya.

Masu shawara kuwa ba su taɓa ƙarewa ba. A binne shi a yashi mai zafi zuwa ƙugu. A nemo nonon raƙuma. A kai shi Nijeriya, akwai wani a ƙauye da ke tayar da gurgu da tsinke. Wata ta ce in yanka baƙin zakara in jefa a bahar a ba mutanen ruwa haƙuri. Na ce mata, "Baiwar Allah, in kin je ki gaishe su." Ba ta sake zuwa ba, na kuma gode. Amma akwai waɗanda ba su ce komai ba sai aiki. Matan lungunmu sun raba kwanaki a tsakaninsu, kullum da mai aiko kwano. Malama Safiya da ke rubuta wannan, mijinta ne ke zuwa ya taya ni ɗaga shi, kada ki tsallake wannan, rubuta. Kaftin Sami duk Juma'a sai ya zo da kifi, su zauna suna hirar sha'ab, wane dutse ya karye, wane kifi ya ɓace. Ran nan kaɗai maigidana ke cin abinci sosai.

Shi kansa majinyacin ba sauƙi ne da shi ba. In na zo juya shi ya ce yanzu ya samu daɗin kwanciya. In na kawo magani ya ɓoye a kumatu. Na ce, "Kai da ka haɗiye ruwan gishiri rabin rayuwarka, ƙwaya ɗaya ce ta gagare ka?" Wani lokaci cikin wanka sai tambayar ta kuɓuce mini: me ya hau da kai motar nan? Yau ya ce ya ɗauka dokar ta jirgi ce kawai. Gobe ya ce ya sani, amma ya sha yin abin da ya fi haka ba abin da ya same shi. Wata rana ya ce, "Yaya ne ya raine ni, ya aurar da ɗansa babu ni?" Na jefar da soson na fita tsakar gida.

Shi Yaya Haruna, tun ranar da muka dawo gida na hana shi shiga. Na san ba al'adarmu ba ce mace ta tare wa wan mijinta ƙofa. An turo mini dattawa, na ce su yi haƙuri. Ya gangaro daga Ɗa'if da kwandon rumman, na tsaya a bakin ƙofa na ce, "Yaya, gurfarmu ɗaya ce a gidan nan, kuma da mutum a ciki." Ya ajiye kwandon ya zauna a dakalin waje har la'asar, ya tafi. Bayan mako biyu ya sake zuwa. Haka ya riƙa yi, ya zauna a dakali da carbinsa, yara na wucewa suna gaishe shi. Maigidana yana jin tarinsa ta taga. Sai ya juya fuska bango, abin da ba ya yarda ya yi in ni na roƙe shi.

Abin da ya kashe shi ba ƙafafun ba ne. Gyambon kwanciya ne ya buɗe a ƙugunsa, da farko kamar kwabo, daga baya hannuna na shiga. Robar fitsari kuma ta riƙa kawo zazzaɓi, a kwantar da shi, a sallame shi, ya dawo. Bayan ƙaramar salla fitsarin ya koma kamar kunu, ya daina son kifin Kaftin ma. Likita ya ce ƙoda ta gaji. Maigidana ya ce shi ma ya gaji da benci, a mayar da shi gida.

Ku da mazanku ke shiga ruwa da tulun iska, ku ji ni. Ku tsare su yau, ku tambaye su inda gurfar take da sunan asibitin, ko sun yi muku dariya. Wanda ya nutse kada ya hau Ɗa'if ran nan, ko bikin wa ake yi. In ya fito yana susa, ko gaɓa na ciwo, ko ƙafa ta yi nauyi, kada a gasa, kada a murza, kada a jira gari ya waye. Kuma duk likitan da kuka tarar, kafin sallama ku ce masa mutumin nan daga ƙarƙashin ruwa yake. Addu'a a yi ta a cikin mota.

Ranar ƙarshe Laraba ce, bayan azahar. Na gama goge masa jiki, ina ninke zani, sai ga tarin nan daga dakali. Na yi kamar ban ji ba. Ya daɗe bai yi magana mai tsawo ba, don haka da ya kira ni sai da na sunkuya na kai kunne. Na yi abin da ya ce. Na buɗe ƙofa, tsohon ya shigo, ya durƙusa a bakin katifa, na bar su na tafi hura wuta. Ina jin muryoyinsu ƙasa-ƙasa, har na ji kamar dariya. Kafin ruwan ya tafasa Yaya ya fara salati da ƙarfi.

Malama, jira ni kaɗan.

To, rubuta. Abin da ya ce mini da na sunkuya shi ne:

"Hajjo, ya isa haka. Shi ma tsoro ne ya ji. Buɗe wa Yaya ƙofa, ki dafa masa shayi, kuma sabo, kada ki ba shi na safe."